Zaɓen manhajar XMPP da kulle saƙo da OMEMO

A WhatsApp kamfani ɗaya ne ke da manhaja, shi ke da saba, shi ke riƙe da asusunka. XMPP kuwa, wanda shi ma tsarin aika saƙon hira ne ta intanet, salon imel ya ɗauko. Adireshinka zai yi kama da audu@misali.org: abin da ke gaban alamar @ sunanka ne, abin da ke bayanta sunan sabar da ka yi rajista a kanta, wato kwamfutar da ke ajiye asusunka tana karɓar saƙo a madadinka. Wanda ke wata saba dabam zai rubuto maka saƙo ya iso, kamar yadda mai Gmail ke aika wa mai Yahoo. Jeremie Miller ne ya fito da tsarin a 1999 da sunan Jabber, hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta mayar da shi ƙa'idar intanet a 2004, ta sabunta shi a 2011. Google Talk a kansa ya tashi a 2005, ita kanta WhatsApp daga jikinsa aka sassaƙo ta kafin a rufe ƙofa.

Tunda ba mai shi, manhajojinsa suna da yawa, kuma ba dukansu ke jin maganar juna yadda ya kamata ba. Asalin ƙa'idar ƙarama ce. Sauran abubuwa, irin su aika hoto, kira, sanarwa da kulle saƙo, ƙari ne da ake kira XEP, kowanne da lambarsa, kuma kowace manhaja da kowace saba tana ɗaukar wanda ta ga dama. Saboda haka zaɓi biyu ne a gabanka, kuma saba ce ta farko.

Saba kafin manhaja

Manhaja kana iya sauya ta gobe. Adireshi kuwa a manne yake da sunan saba: ranar da ta rufe, adireshinka ya tafi da ita, sai ka sake bin mutane ɗaya bayan ɗaya kana ba su sabo. Kada ka yi gaggawa a nan.

Abubuwa shida ne dole saba ta kasance da su. XEP-0198 shi ke riƙe zaren haɗi idan sabis ya ɗauke na ɗan lokaci, ya ƙirga saƙonnin da suka isa da waɗanda ba su isa ba, ya ci gaba daga inda aka tsaya. Ga mai hawa mota daga gari zuwa gari, waya na tsalle daga 4G zuwa 2G, wannan ne ya fi komai muhimmanci. In babu shi, saƙo kan faɗa rami a daidai lokacin da haɗi ya yanke, mai aikawa yana ganin ya tafi. XEP-0313 rumbun saƙonni ne a kan saba, wanda waya ke ɗiba daga ciki idan ta dawo. XEP-0280 yana kwafe hira zuwa duk na'urorinka, abin da ka rubuta a kwamfuta ya bayyana a waya. XEP-0363 na ɗora hoto, fayil da saƙon murya ne. XEP-0357 na sanarwa ne, mai iPhone ba shi da rayuwa in babu shi. XEP-0352 yana barin waya ta gaya wa saba cewa allo a kashe yake, a dakatar da ƙananan labarai irin na wane ya hau, wane ya sauka. Batir da data yake tattalawa. In kana son kira, ƙara na bakwai: saba ta kasance da STUN da TURN, masu taimaka wa wayoyi biyu su haɗu a lokacin kira, domin yawancin layukan waya ba sa barin wayoyi biyu su haɗu kai tsaye, sai an bi ta wani mai shiga tsakani.

Ba sai ka binciki waɗannan da hannu ba. Shafin compliance.conversations.im yana gwada sabobi ya nuna abin da kowacce ke da shi, providers.xmpp.net kuma ya kasa masu ba da asusu aji-aji daga A zuwa D. Bayan haka karanta shafin ita kanta sabar, ka nemi amsar tambaya uku: kwana nawa take ajiye saƙo, fayil mai girman nawa take karɓa, kuma bayan wane lokaci take goge asusun da ba a shiga. Prosody, ɗaya daga cikin manhajojin saba da aka fi amfani da su, in mai kula bai taɓa saitinta ba, mako ɗaya take ajiye saƙo, fayil kuma megabayit 10 ne iyaka, shi ma bayan mako ya gushe. Wanda wayarsa ta yi kwana goma a wajen mai gyara zai dawo ya tarar hotunan da aka turo masa a farkon kwanakin ba sa buɗuwa. Wa'adinsu ne ya cika a saba, ba wani abu ya lalace ba.

Ƙungiya, makaranta ko babban gida da ke son nasu na kansu, Snikket ya fi sauƙi. An gina shi a kan Prosody, yana buƙatar ƙaramar sabar haya da Docker (manhajar da ake girka shi a cikinta) da sunan yanki naka (irin misali.org), da adireshi uku a DNS, wato rajistar sunayen intanet: babban suna, sai mai farawa da groups, sai mai farawa da share. Mai kula yana tura hanyar gayyata, wanda aka gayyata ya latsa, ya sauke manhaja, asusu ya buɗe. Ribar mallakar sunan yanki ita ce ko kun sauya wurin haya, adireshinku bai sauya ba. Nauyin kuma a wuyanku yake: sabunta manhaja, biyan haya a kan lokaci, da kwafin ajiya.

Wace manhaja a wace na'ura

A Android, fara da Conversations ta Daniel Gultsch. Ita ce ma'aunin da sauran ke gwada kansu da shi, kuma a cikinta aka haifi OMEMO, hanyar kulle saƙo daga hannun mai aikawa har hannun mai karɓa. A Play Store ta kuɗi ce, a F-Droid, wata kasuwar manhajojin Android, kyauta ce, ga wanda katinsa ba ya biya a Play Store. Bambancinsu ɗaya da zai shafe ka: ta Play Store tana iya amfani da hanyar sanarwar Google ta farkar da kanta, ta F-Droid kuwa da kanta take riƙe haɗi. Tana da 'ya'ya da aka ciro daga jikinta, irin su Cheogram da monocles chat, duk harshe ɗaya suke yi da ita. Akwai kuma Quicksy, ta mutum ɗaya da Conversations, wadda ke rajista da lambar waya ta nemo maka abokai daga jerin lambobinka. Ga dattijon da ba zai riƙe adireshi da kalmar sirri ba ta dace, amma lambarsa ta zama adireshinsa, duk wanda ya yi hira da shi ya gan ta. Wanda ya gudo daga WhatsApp don kada a haɗa hirarsa da layinsa, in ya faɗa nan an gudu ba a tsira ba.

Kada ka karɓi manhajar ta Xender daga wayar aboki, kada ka sauke ta daga shafin da ba ka san mai shi ba. Manhajar da aka yi wa kwaskwarima tana iya nuna maka kwaɗo a allo tana tura kwafin saƙonka wani wuri, kuma babu kullewar da ke maganin wannan.

A iPhone zaɓin Monal ne ko Siskin IM. Apple ba ya barin manhaja ta zauna da haɗi a buɗe bayan an kashe allo, don haka komai ya rataya a kan sanarwa: saba ta taɓo sabar sanarwar manhajar, ita ta taɓo Apple, Apple ya farkar da waya na 'yan daƙiƙoƙi ta ɗebo saƙo. Idan mai iPhone yana kukan saƙo ba ya shigowa sai ya buɗe manhaja, a fara duba ko sabarsa tana da XEP-0357 da 0198 da 0313 gaba ɗaya, kafin a zargi manhajar.

A kwamfuta, Gajim ce cikakkiya, tana aiki a Windows da Linux, kuma tun sigar 1.8 OMEMO a jikinta yake, ba sai an ƙara mata wani abu ba. Dino ta Linux ce, ba ta da tarkace, tana kiran murya da bidiyo. Mai Mac yana da Monal da Beagle IM. Pidgin kuwa, duk da sunan da ta yi a da, a bar ta: ba ta ɗibar rumbun saƙonni, hira za ta riƙa zuwa maka da giɓi. Na cikin burauza, irin su Converse.js da Movim, suna da amfani idan kana kan kwamfutar da ba za ka iya girka komai ba, sai dai mabuɗansu a ma'ajiyar burauza suke zaune. Ka share bayanan burauza, ka share mabuɗi.

Ga tarkon da ba a cika faɗa ba. OMEMO iri biyu ne a kasuwa. Tsohon, siga 0.3, shi Conversations da Monal da Gajim da Dino suka daɗe suna amfani da shi. Sabon, wanda ake kira OMEMO 2, ya fi shi rufe abubuwa, amma ba ya jin tsohon, tsohon ba ya jin sa. Kaidan, manhajar ƙungiyar KDE mai ƙera manhajojin Linux, da sabon ta fito a 2023. Manhajoji biyu za su iya rubuta “muna da OMEMO” a shafinsu, a haɗa su su kasa buɗe saƙon juna. Kafin ka zaɓa, tambayi waɗanda za ka yi hira da su me suke riƙe da shi.

Kwaɗo biyu ne, kada a haɗa su

Na farko TLS ne, wanda ke kulle hanya tsakanin wayarka da saba, da tsakanin saba da saba. Yana hana mai Wi-Fi da kamfanin layi karanta saƙo. Amma da ya isa saba an buɗe shi, mai kula da ita zai iya karantawa, haka duk wanda ya kutsa cikinta. Hanyar ma ana tare ta. A watan Oktoba na 2023 masu kula da jabber.ru suka gano an daɗe ana karkatar da haɗin masu amfani da su ta wata na'ura a tsakiya, da takardun shaidar TLS na gaske waɗanda manhajoji suka karɓa ba gardama. Abin ya tonu ne da ɗaya daga cikin takardun ta ƙare aiki ba a sabunta ba.

Na biyu shi ne kullewa daga hannun mai aikawa har hannun mai karɓa, yadda saba ke ɗaukar kaya ba ta san me ke ciki ba. Hanya uku aka yi a XMPP. OTR, na 2004, yana buƙatar ku biyun kuna kan layi a lokaci ɗaya, kowa da na'ura ɗaya; ya tsufa. OpenPGP yana aiki da mabuɗi ɗaya na dindindin: sabuwar waya za ta karanta tsohuwar hira, amma ranar da aka sace mabuɗin, duk abin da aka taɓa rubuta maka ya buɗe. OMEMO, XEP-0384, Andreas Straub ne ya rubuta shi a 2015 bisa dabarar sauya mabuɗi da Signal ke amfani da ita. Shi za ka zaɓa.

Yadda yake aiki ya cancanci a tsaya a kansa, domin kusan duk matsalar da za ka gamu da ita daga nan ta taso. Mabuɗi na na'ura ne, ba na asusu ba. Da ka girka manhaja, sai ta ƙera mabuɗin shaidarta, ta ɓoye rabin sirri a cikin waya, ta liƙa rabin fili a asusunka tare da ƙananan mabuɗai kusan 100 na amfani sau ɗaya, don a iya fara hira da kai ko kana barci. Idan Audu zai aika wa Binta saƙo, wayarsa za ta ƙera sabon mabuɗi, ta kulle saƙon da shi sau ɗaya, sannan ta sa mabuɗin a ambulan dabam-dabam, kowace na'ura da nata. Binta na da waya biyu da kwamfuta, Audu na da waya da kwamfuta: ambulan huɗu ke nan, uku na Binta, ɗaya na kwamfutar Audu. Na'ura ta buɗe ambulanta, ta karanta, ta ƙone mabuɗin.

Don haka sabuwar waya ba za ta taɓa karanta tsohuwar hira ba, ko da saƙonnin suna nan a rumbun saba, domin lokacin da aka aika su ba a yi mata ambulan ba. Cire manhaja a sake girkawa, sabuwar na'ura ce a idon OMEMO. Share bayanan manhaja don a sami wuri, sabuwar na'ura ce. Filashin a wajen mai gyara, sabuwar na'ura ce. Ba kuskure ba ne, da gangan aka gina shi haka, don wanda ya sami kalmar sirrinka kada ya sami tarihinka.

Abin da OMEMO bai rufe ba shi ma a san shi. Saba tana ganin wa kake magana da shi, yaushe, sau nawa, jerin abokanka, hoton fuskar asusunka da adireshin intanet ɗin da ka shigo da shi. Tsohuwar sigar OMEMO gangar jikin saƙo kaɗai take kullewa. Alamar “yana rubutu” da ta “an karanta” a fili suke tafiya. Hoto da fayil ana kulle su kafin a ɗora, a sa mabuɗin a cikin hanyar saukewa mai farawa da aesgcm, ita kuma a aika ta a kulle. Wanda ka tura wa wannan hanyar a wani wuri, ka ba shi fayil da mabuɗinsa.

Tantance mabuɗi

Tunda saba ce ke riƙe da jerin na'urorin kowa, mugun mai kula zai iya cusa na'urar ƙarya a jerin Binta, wayar Audu ta riƙa yi mata ambulan ba tare da ya sani ba. Maganinsa tantancewa. Kowace na'ura tana da tambarin mabuɗi mai haruffa da lambobi 64, an kasa su gida takwas, kowane gida takwas. In kuna tare, Binta ta buɗe bayanan asusunta ta nuna lambar QR, Audu ya buɗe bayananta a wayarsa ya ɗauka da kyamara, sannan su juya. Minti ɗaya ya isa. In kuna nesa, a kira juna a karanta gida-gida da murya. Tura tambarin ta cikin hirar da ake son tantancewa aikin banza ne, kamar ka tambayi baƙo ko shi ɓarawo ne.

A Conversations, saƙo mai kulle yana ɗauke da ɗan kwaɗo, wanda ya fito daga na'urar da ka tantance kuma garkuwa. Kafin ka tantance mutum, manhajar tana amincewa da duk sabuwar na'urarsa ba tambaya, don kada a gaji sabon shiga. Daga ranar da ka tantance ko da na'urarsa ɗaya, wannan sassauci ya ƙare: duk wata sabuwa da ta bayyana sai ka amince da hannunka. Idan wata rana manhaja ta tsaya ta nuna maka sabon tambari, kada ka latsa amincewa don ka wuce. Kira mutumin ka ji ko ya sauya waya.

Rukuni iri biyu ne. Na sirri, wanda sai an gayyace ka kuma kowa na ganin adireshin kowa, shi ke ɗaukar OMEMO. Zauren jama'a, wanda kowa ke shiga da laƙabi, ba ya kulluwa, domin ba a san wa za a yi wa ambulan ba. Mutum 20 kowa da na'ura biyu, kowane saƙo ambulan 39 zai ɗauka, shi ya sa tsarin bai dace da taron ɗaruruwa ba. Kuma mutum ɗaya da manhajarsa ba ta da OMEMO ya isa ya tsayar da kowa: manhaja za ta ce ba ta sami mabuɗinsa ba, ta ƙi aikawa a kulle.

Idan abu ya ƙi

Saƙo ba ya shigowa sai an buɗe manhaja. A wayoyin Tecno, Infinix da itel wannan kusan kullum aikin tsarin tattalin batir ne, wanda ke kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage. A saitin batir cire manhajar daga cikin waɗanda ake takura wa, a Phone Master ba ta izinin tashi da kanta, a jerin manhajojin da ke buɗe kuma ka kulle ta don kada maɓallin shara ya kwashe ta. Sanarwar nan da Conversations ke bari a saman allo ba ado ba ce, ita ke hana Android kashe ta. Kada ka kashe wannan saitin.

Aboki ya ce rubutun Turanci yake gani mai cewa an turo masa saƙon OMEMO amma manhajarsa ba ta iya buɗewa. Ko dai manhajar ba ta da OMEMO, ko irinsa ya bambanta da naka, ko ya shiga da sabuwar na'urar da wayarka ba ta riga ta sani ba. Ya turo maka saƙo daga waccan na'urar, yawanci wannan kaɗai ya isa su gaisa.

Manhaja ta ce takardar shaidar saba ba ta inganta ba. Duba kwanan wata da agogon wayarka tukuna. Wayar da batirinta ya mutu ƙurmus takan farka a wata shekara dabam, ta ɗauka takardar ba ta fara aiki ba ko ta ƙare. In agogo daidai yake, kada ka latsa amincewa. Tambayi mai kula da saba ta wata hanya. Takardun Let's Encrypt, mai ba sabobi irin wannan takarda, na kwana 90 ne, wani lokaci sabuntawa ce ta maƙale, wani lokaci kuma ba ita ba ce.

Tana haɗuwa da data, ta ƙi da Wi-Fi ɗin ofis ko makaranta. An toshe ƙofa ta 5222 ne, wadda manhajojin XMPP ke bi. Saba mai kyau tana buɗe ta 443 ma, ƙofar da shafukan intanet ke bi, wadda ba a cika toshewa ba.

Sai sauya waya. A Conversations, shiga saiti ka ƙirƙiri kwafin ajiya; fayil ne mai ƙarewa da .ceb, yana ɗauke da hira da mabuɗai, an kulle shi da kalmar sirrin asusunka ta ranar da aka yi shi. Kwafe shi zuwa kwamfuta ko katin memori. Hotuna da saƙonnin murya ba sa ciki, su a kwafe su dabam. A sabuwar waya girka manhajar, kada ka shiga asusu, zaɓi dawo da ajiya kai tsaye. Tsohuwar wayar kuma kada ta sake hawa layi da wannan asusu: na'ura biyu da mabuɗi ɗaya suna rikita lissafin sauya mabuɗi, saƙo ya riƙa buɗuwa a nan ya ƙi a can. In kana son waya biyu a lokaci ɗaya, shiga asusu a ta biyun da kalmar sirri kamar yadda aka saba, ta ƙera nata mabuɗin.

In sace wayar aka yi, ba a kai ga ajiya ba, sauya kalmar sirri daga wata na'ura nan take, ka shiga bayanan asusu ka share tsofaffin na'urori daga jeri. Sannan ka sanar da waɗanda suka tantance ka su cire amincewa daga tsohon tambarin da hannunsu, domin a wayoyinsu har yanzu garkuwa ce a kansa.